Wayar da Dije Ta Bari

Kazaure,
6 ga Oktoba

Zuwa ga yayana, Ya Kyari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Ummi Kulsum da mutanen Kanya Babba. Yaya hidimar riɗi? Na ji an ce bana ya yi kyau ta wajenku. Ni ma lafiya, sai ɗan zazzaɓi da na yi makon jiya, na sha magani ya sauka.

Na yi ta kiranka ba ka ɗauka. Ban yi mamaki ba, tun ranar da na ba da labarina a rediyo da sunana na gaskiya na san haka za a yi. Shi ya sa na rubuta na ba Sama'ilu direba, tunda motarsa ta ƙofar shagonka take bi. Don Allah ka karanta har ƙarshe, kuma kai kaɗai.

Ranar Alhamis mun je makarantar su Ummi, ni da matan da muke yawon faɗakarwa tare. Na ba yaran labarina kamar yadda na saba: yadda ina 'yar shekara sha bakwai wani ya zo mini a waya da sunan mace, ya yi ta jan ni da hira har ya sami hotona, ya watsa shi a gari. Ummi tana layin baya, har na gama ba ta ɗago kai ba. Da aka tashi sai ta same ni wajen tankin ruwa.

Ta ce, "Gwaggo, idan wanda ba ki taɓa gani ba ya ce zai tura wa babanki hotonki, me za ki yi?"

Na ce, "Wa aka ce wa haka?"

Ta ce, "Wata ƙawata."

Na dubi wuyanta yadda ya zube, na ce, "Ƙawar taki tana cin abinci kuwa?" Sai ta fashe da kuka.

Ya Kyari, wayar mahaifiyarta marigayiya Dije, wadda ka ba ta don ta riƙa kiranka idan ka tafi kasuwannin Nijar, ta nan aka shigo mata. An saka ta a wani guruf na darasin lissafi na 'yan aji uku masu shirin jarrabawa. Mai guruf ɗin ta ce sunanta Anti Nafi, wai malama ce a Kano. Daga baya ta koma yi wa Ummi magana ita kaɗai. Tana tura mata data, tana tambayarta me ta dafa yau, tana ce mata ita ma tun tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. Ka san tun rasuwar Dije yarinyar nan ba ta da wadda za su zauna su yi irin wannan hirar. Sai aka fara neman hoto. Na farko da hijabi, na biyu babu ɗankwali, wai a ga kitso. Na ƙarshen ba zan rubuta ba. Ranar da ta tura shi, saƙon murya ya shigo, muryar namiji, babba. Ya ce ko ta ci gaba da turowa, ko hoton ya iso wayarka da ta mutanen gari.

Ta riƙe mayafina tana roƙona kada in gaya maka. Na ce mata wannan ba abin da za mu ɓoye mu biyu ba ne, amma na yi mata alkawarin ba za ka taɓa ta ba. Da sunanka na yi alkawarin nan, kada ka ba ni kunya. 'Yar shekara sha huɗu ce, babban mutum ne ya zauna ya shirya mata wannan.

Komai zafin da ka ji, kada ka kira lambar. Wayar kuma kada ka fasa, kada a goge ko harafi ɗaya, domin abin da ke ciki shi ne kaɗai shaidarmu. Ka kashe ta ka ajiye. In ka yarda in zo, ka faɗa wa Sama'ilu kawai, zan nemi izini a makarantar da nake koyarwa in biyo motarsa.

Ƙanwarka,
Amna


Kanya Babba,
11 ga Oktoba

Amna,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki. Lafiyarmu ƙalau, ke kuma Allah ya ƙara sauƙi. Riɗi ana ɗan kawowa, sai dai sefa ta hau, mutanen Nijar sun riƙe kayansu.

A shago na karanta, na rufe tun kafin la'asar na tafi gida. Na same ta tana tankaɗe. Na ce ta ba ni wayar. Ta shiga ɗaki ta ɗauko, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Ban dake ta ba. Hannuna ya tashi, na mayar da shi aljihu. Na karɓi wayar na fita. Tuwon da ta tuƙa a tukunya ya kwana.

Kin ce kada in kira. Na kira, da wayata. Ya ɗauka yana saurarena. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina, na ce sai na nemo shi ko ina ya shiga. Ya kashe. Ban kai ga zama ba saƙo ya shigo. Hoton ne, a ƙasa ya rubuta, "Ina gaisuwa, Alhaji." Nan take na goge. Amna, na ga abin da bai kamata uba ya gani ba.

Washegari na ɗauke ta a babur na kai ta Roni wajen Adda, yayar Dije. Na ce wa Adda yarinyar ba ta jin daɗi, tana bukatar hutu. Haka na faɗa a makarantarsu ma. Za ta zauna can har abin ya lafa.

Wayar kuwa na gama da ita, kada ki sake tambayata. Maganar 'yan sanda babu ita. Kuma ina roƙonki, labarin Ummi kada ya fito daga bakinki a makarantu ko a rediyo, ko da kin canja suna. Ba na so ta zama kamarki.

Ba sai kin zo ba.

Yayanki,
Kyari


Kazaure,
13 ga Oktoba

Ya Kyari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Zazzaɓina ya tafi.

Na karanta wannan layin, na ajiye takardar na je na ɗebo ruwa, na dawo na sake dubawa ko idona ne. Yana nan yadda ka rubuta shi. Ba ka so ta zama kamata. To, na ji. Da ma na san ana faɗar haka a bayana, ban dai taɓa ganinsa da rubutun hannunka ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi na zama haka. Lokacin da nawa ya faru, Baba, Allah ya jiƙansa, gidan Kawu ya tura ni a Gwiwa. Na shekara a can. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dake ni. Ana ba ni abinci, ana amsa gaisuwata. Amma ba wanda ya taɓa zama ya ce, Amna, me ya faru? Idan na fito tsakar gida sai hira ta mutu. Wanda ya cuce ni yana can yana harkokinsa, ni ce aka ɗauke aka ɓoye. Tun ina cewa ba laifina ba ne har na koma ina tunanin ko dai laifin nawa ne, tunda ni aka kora. Abin da mutumin ya yi mini na sami sauƙinsa. Shirun gidan Kawu har yau yana bina ɗaki.

Yanzu Ummi tana Roni, an ce wa kowa ba ta jin daɗi. Ka duba da kyau ka ga wace hanya aka ɗora ta.

Kuma ta Kazaure kuka bi. Daga bakin titi zuwa ɗakina ko keke ba a hawa.

Labarinta ba zai fito daga bakina ba. Ban taɓa ba da labarin kowa ba sai nawa. Wayar da ka fasa kuwa, ta tafi da shaidarmu, ba yadda za mu yi. Amma yanzu yana da lambarka. Idan ya sake turo wani abu, kada ka amsa, kada ka goge, komai ya nema kada ka ba shi.

Ƙanwarka,
Amna


Kazaure,
27 ga Oktoba

Ya Kyari,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Wayarka a kashe take. Sama'ilu ya ce shagonka a rufe ya same shi, ta ƙarƙashin ƙofa ya zura waccan takardar. Idan fushi kake da ni, ka ajiye shi tukuna ka karanta wannan, ba maganata ba ce.

Jiya na je Roni, ban nemi izininka ba. Adda ta karɓe ni hannu biyu. Baiwar Allah tana ta ƙoƙari, ta nemo rubutu, tana turara yarinyar safe da yamma, domin ita a zatonta iska ce ta taɓa ta. Na sami Ummi bayan rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta ƙara ramewa. Adda ta ce haka take wuni, ba ta shiga cikin yara, idan aka yi sallama a ƙofar gida sai ta gudu ɗaki.

Abin da ta fara tambayata shi ne, "Gwaggo, Baba ya ce wani abu a kaina?" Na ce ka ce in gaishe ta. Ta dube ni, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ba na jin ta yarda.

Mun daɗe a zaune kafin ta ce akwai abin da ke hana ta barci. Ka san Christabel, 'yar Manasseh mai walda, wanda ya yi maka ƙofar shago. Benci ɗaya suke zama da Ummi, ita ma tana cikin guruf ɗin. Kafin ka ɗauke Ummi, Christabel ta gaya mata a ɓoye cewa Anti Nafi ta ce ita ce ta zo ta ɗaya a lissafi, akwai kyautarta. Wai ta zo tashar Kazaure ranar Asabar ɗin hutun tsakiyar zango ta karɓa, ita kaɗai, kada ta gaya wa iyayenta don a ba su mamaki. A lokacin Ummi ta riga ta ji muryar mutumin. Ta so ta ce mata kada ta je, amma in ta faɗa sai ta faɗi nata. Tana cikin wannan juyayin aka kawo ta Roni, babu waya, babu wanda za ta aika.

Ta ce, "Gwaggo, idan wani abu ya sami Christabel, ni ce."

Na ce ba ita ba ce, kuma ba abin da zai same ta in sha Allah. Na faɗa ne kawai.

Ya Kyari, Asabar ɗin nan mai zuwa ce. Ba ni da lambar Manasseh. Kai maƙwabcinsa ne, kai ya kamata ka je. Na san abin da nake roƙonka: ba za ka iya gaya masa ba sai ka faɗi yadda aka yi ka sani, kuma wannan shi ne abin da ka kai yarinyarka Roni don ka rufe. Amma 'yar mutane ce za ta hau mota ta je wajen wannan mutumin da ƙafarta.

Na ce wa Sama'ilu ya nemi hannunka ya saka wannan. Idan ban ji daga gare ka ba zuwa Alhamis, zan zo Kanya Babba da kaina in shiga gidan Manasseh. Na gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yi a bayanka.

Ƙanwarka,
Amna


Kanya Babba,
30 ga Oktoba

Amna ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ba fushi ba ne. Gidan ne ya yi mini girma bayan tafiyar Ummi, na kasa zama, na rufe shago na tafi Magarya neman riɗi. Wayar kuma ni na kashe ta, domin duk saƙon da ya shigo sai gabana ya faɗi. Jiya na dawo, na buɗe shago na taka takardunki biyu a bakin ƙofa.

Wayar Dije ban fasa ba. Da na ce na gama da ita, nufina na kashe ta na kulle a akwatin marigayiyar. Yaya zan fasa? Muryar Dije tana ciki, saƙonnin da take turo mini lokacin tana kwance a asibiti. Tawa ta lokacin ta lalace, a nan kaɗai suka rage.

Ɗaya maganar kuma, ta kada Ummi ta zama kamarki, ba abin kunya nake nufi ba. Bara na zo Kazaure sayen buhuna, na hango ki kin taso daga makaranta kina tafe da jakarki, kin tsaya kin sayi ƙosai ɗan kaɗan a leda, na mutum ɗaya. Ina kan babur a tsallaken titi har kika shige lungu. Wannan nake nufi. Ba na so Ummi ta kai shekarunki tana cin abinci ita kaɗai. Ni ban iya jera magana a takarda kamar ke ba.

Ina gama karantawa na tafi wajen Manasseh. Ya kashe janareta, ya ɗaga tabaraunsa ya ce, "Alhaji, ƙofar ce ta sake?" Na ce a'a, maganar yara ce. Muka zaga bayan rumfa. Na fara da ta Christabel, sai na ga yana dubana kamar mai cewa daga ina na samo wannan. Dole na koma na faɗi ta Ummi, tun daga farko. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na jiya ba.

Ya zauna a kan wani ƙarfe. Sannan ya ce, "Taka yarinyar tana ina?"

Na ce na kai ta Roni.

Ya ce, "Laifin me ta yi?"

Ya miƙe ya ce in biyo shi.

Muka shiga gidansa. Matarsa Rhoda ta kira Christabel. Amna, yarinyar har ta goge rigar da za ta saka ta ɓoye ƙarƙashin katifa. Da farko gardama ta yi, ta ce Anti Nafi mutuniyar kirki ce, baƙin ciki ake mata. Sai na koma gida na buɗe akwatin, na kawo wayar na kunna musu saƙon muryar. Da ta ji, sai ta zauna a ƙasa tana kuka. Rhoda ba ta yi mata faɗa ba ko kaɗan. Zama ta yi a ƙasa ta jawo ta jikinta tana ce mata, "Ina nan, ina nan." Ni ina tsaye ina kallo, ina tuna yadda Ummi ta miƙo mini waya a durƙushe.

Yau da safe ni da Manasseh muka kai wayoyin biyu ofishin 'yan sanda a Babura. Wata jami'a ce ta saurare mu. Ta ce kada Christabel ta nuna wa mutumin komai ya canja, su za su ci gaba da amsa masa da wayarta, kuma za su haɗa kai da na Kazaure. Ta ce dole a ji ta bakin Ummi, kuma gara a sami mace ta gida a kusa da ita. Na ba ta lambarki, na ce ƙanwata ce.

Na kunna wayata.

Yayanki,
Kyari


Kazaure,
3 ga Nuwamba

Ya Kyari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaishe mini da Manasseh da Rhoda. A waya jiya ban iya ce maka komai ba sai "an kama shi". Ga yadda aka yi.

Jami'ar ta ce ba sai na zo tashar ba, amma na kasa zama a ɗaki. Na je na tsaya nesa, wajen mai lemo. Ita tana zaune cikin wani adaidaita da wayar Christabel a hannunta, abokan aikinta kuma suna warwatse cikin kayan gida. Rana ta ɗaga sosai kafin wayar ta fara ƙara. Ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, ya sake, su kuma suna duba wane ne a tashar yake saka waya a kunne yana waige-waige.

Shekara da shekaru ina tunanin kamannin masu irin wannan aikin, domin nawa ban taɓa ganinsa ba. Wannan da na gani mutum ne kamar kowa. Da furfura a gemunsa, da hula mai kyau, yana riƙe da leda da biskit da lemon kwalba a ciki. Har ya gaisa da wani direba suna dariya. Da suka riƙe hannunsa cewa ya yi, "Lafiya? 'Yar ƙanwata nake jira."

Sunansa Muhammadu Lawal. Shi ne mai kafa tebur da lema ranar kasuwa yana tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya, yana zaga Babura da Gwiwa da Roni. Idan aka bar masa waya sai ya duba ta wace ce, ya kwashi lamba. An sami lambobin yara da yawa a wajensa.

Akwai maganar da ba ta da daɗi, gara ka ji daga gare ni. Ranar da ka kira shi, bayan ya turo maka, ya tura hoton wa wasu. Jami'ar ta ce za su bi waɗanda suka samu, amma ba za ta yi mana alkawarin an tattaro duka ba. Ka shirya, wataƙila ya iso Kanya Babba.

Na zaci ranar da na ga an kama irinsu zan ji sanyi. Na dawo ɗaki na zauna a bakin katifa da mayafina a jiki har aka kira magariba. Na so a ce akwai wanda zan ba labarin, ya ce mini sannu. Maƙwabciyata ta leƙo aron ashana, na ba ta, ta tafi.

Maganar ƙosai na karanta. Da ka kira ni ranar, da na ƙaro.

Ranar Talata jami'ar za ta je Roni jin ta bakin Ummi, zan bi ta. Amma ba ni take jira ba.

Ƙanwarka,
Amna


Kanya Babba,
15 ga Nuwamba

Amna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ni da Ummi, tana gaishe ki. Na san yanzu muna waya, amma akwai abin da bakina ba ya iya faɗa.

Mutumin nan na san shi. Ni da hannuna na kai masa wayar Dije a kasuwar Babura, na ce ya saka wa yarinyata karatun Alƙur'ani. Na bar masa na tafi awon riɗi. Da na dawo har ya ce Allah ya raya ta.

Na je Roni washegarin zuwanku. Bayan rumbun na same ta. Ta tashi za ta durƙusa, na ce ta zauna, ni ma na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce, "Ummi, gaya mini tun daga farko." Ta yi ta magana, ta tsaya ta yi kuka, ta ci gaba. Abin da ya fi yi mata ciwo, ta ce, har yanzu wani lokacin tana kewar Anti Nafi, alhali ta san babu ita. Sannan ta ce, "Baba, ka gani?" Na ce na gani, kuma abin da na gani yarinyata ce da aka zalunta. Na ce ta ɗauko kayanta.

Abin da kika faɗa ya faru. Hoton ya shigo wayar wasu samari. Idan na isa teburin mai shayi sai kowa ya dubi kofinsa. Wani dattijo ya zo har shago ya ba ni shawara in mayar da ita Gashuwa wajen dangi. Na yi masa godiya, na ce a nan makarantarta take. Ni da Manasseh mun je wajen mai unguwa da liman, shi kuma ya yi wa fastonsu magana. An sanar cewa duk wanda aka samu da hoton yarinya a wayarsa, hukuma ce za ta tambaye shi. Ban san iya waɗanda suka goge ba.

Ranar Litinin ta koma makaranta. Na raka ta har ƙofa. Yara suna ta shiga, wasu suna waiwayenta. Ta tsaya ta riƙe jakarta a ƙirji, na zaci za ta ce mu koma. Sai ta ce, "Baba, ka tafi shago." Ta shiga ita kaɗai. Na tsaya har maigadi ya tambaye ni ko akwai wanda nake jira. Da ta dawo ta ce wata yarinya ta kwashi kayanta ta bar bencinsu, amma Christabel ta zauna. Ta ci tuwo ranar, ba da yawa ba.

Yanzu iyaye sun rikice. Wasu sun ƙwace wayar kowa a gida, wasu sun ce 'ya'yansu ba haka suke ba. Shugabar makarantar ta kira taron iyaye ranar Asabar ta sama. Na ce mata mu iyaye ƙwace waya kawai muka iya, ba mu san abin da ake ce wa yaro ba. Na ce zan kawo wadda ta sani. Ki zo ki yi mana magana. Ki zo tun Juma'a ki kwana a gida.

Yayanki,
Kyari


Kazaure,
17 ga Nuwamba

Ya Kyari,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin kuna lafiya. Ka ce wa Ummi kewar da take ji ba laifi ba ce, ni ma na yi ta. Za mu yi maganar idan na zo.

Zan zo. Ranar Alhamis dai sai na fara zuwa Gwiwa. Wata mata ta same ni a makaranta shekaranjiya, lambar 'yarta tana cikin waɗanda aka samu wajen mutumin nan. Mijinta bai sani ba tukuna, tana so in kasance a wurin idan za ta gaya masa. Daga can zan dawo in biyo motar Sama'ilu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

A taron, ka bar ni in yi magana da iyaye maza ma, kada a ce mata kawai. In da hali Manasseh ya zauna kusa da kai.

Rabona da kwana a gidanmu tun ranar da aka kai ni gidan Kawu. Ban san ko zan iya barci ba. Kada Ummi ta wahalar da kanta da share wani ɗaki, a nata zan kwana.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada Sama'ilu ya sauke ni a bakin titi in shigo da jaka ana kallona. Ka fito ka tare ni, mu shiga garin tare.

Ƙanwarka,
Amna